Kuɗin NELFUND Da Mai Gidan Haya: Me Za Ka Faɗa, Me Za Ka Riƙe?

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ya san tambayar da ke biyo bayan gaisuwa. Mai gida zai dube ka sama da ƙasa, sannan ya ce, "To yaro, wa za shi biya ma?" A da amsar ba ta wuce biyu: ko mahaifina, ko yayana. Daga shekarar 2024 zuwa yau an samu amsa ta uku, wato kuɗin da asusun ba ɗalibai lamuni na NELFUND ke turo wa wasunmu duk wata. Wannan amsa ta uku ita ce ke raba kan ɗalibai a majalisarmu ta bakin hostal. Wasu na cewa ka rufe bakinka, don da zarar mai gida ya ji ƙamshin kuɗin gwamnati zai ɗaga haya. Wasu kuma na cewa ka faɗa masa komai, har ka nuna masa alat ɗin wayarka, don ya yarda da kai.

Maganar ta shafe mu duka. 'Yan ajin farko za su fita SIWES na wata huɗu, mu 'yan ajin ƙarshe muna shirin tafiya aikin koyon sana'a na shekara guda kafin mu dawo HND, yayyenmu na HND kuma bautar ƙasa ce a gabansu. Da yawanmu a waɗannan garuruwa uku za mu sauka, kuma ba kowa ke da ɗan'uwan da zai ba shi wurin shimfiɗa tabarma ba. A ganina ɓangarorin biyu kowanne ya riƙe rabin gaskiya. Akwai abin da ya wajaba mai gida ya sani, shi ne lokacin da kuɗinsa zai shiga hannunsa da kuma wanda zai tsaya idan an samu jinkiri. Akwai kuma abin da bai shafe shi ba ko kaɗan.

Mu fara sanin kuɗin kansa

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar ba ɗalibai lamuni ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka buɗe shafin neman lamunin ranar 24 ga Mayu na wannan shekara. Lamunin kashi biyu ne. Kashi na farko kuɗin makaranta ne, wanda ake biyan makaranta kai tsaye, ɗalibi ko ganinsa ba ya yi. Kashi na biyu shi ne naira 20,000 a wata da ke shiga asusun ɗalibi don hidimarsa ta yau da kullum, ga wanda ya nema aka amince masa. Babu ruwa a kai, amma bashi ne. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu.

Abu uku ya kamata mu lura da su. Na ɗaya, babu inda aka rubuta cewa wannan naira 20,000 kuɗin haya ce. A ciki za ka ci abinci, ka hau kabu-kabu, ka yi fotokwafi, ka sayi data. Na biyu, wata-wata take zuwa, alhali yawancin masu gidajenmu shekara suke so a dunƙule. Na uku, tana tafiya ne da zamanka ɗalibi mai rajista, kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema, makaranta ta tabbatar da sunanka, sannan a amince. Tsakanin ranar da ka cike fom da ranar da alat zai shigo akwai matakai da ba a hannunka suke ba. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku ba zai yi wa mai gida alƙawarin da ya fi ƙarfinsa ba.

Abin da ke ran mai gida

Mu ɗalibai mun saba ɗaukar mai gida a matsayin mutumin da ba ya son komai sai kuɗi. Amma idan ka zauna da su za ka ga lissafi suke yi irin namu. A Aliero, tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a 2006, gina ɗakunan haya ya zama sana'a, kuma da yawa daga masu ɗakunan manoman albasa ne. A Jega akwai kwalejin kimiyyar lafiya, ga kasuwa, ga matafiya da ke ratsawa daga Sakkwato zuwa Yawuri, don haka ɗaki ba ya daɗewa babu kowa. A Maiyama ma'aikatan ƙaramar hukuma da malaman makaranta da masu bautar ƙasa su ne suka fi kama haya, wato mutanen da aka san ranar albashinsu.

Manomin albasa ya fi kowa sanin kuɗin da ke zuwa a kan lokaci. Ya san akwai watan da zai buƙaci taki da iri da man injin ban-ruwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya ƙara nauyi. Ya san akwai watan da zai adana albasa yana jiran ta yi tsada. Saboda haka idan ya tambaye ka wa zai biya, abin da yake son ji shi ne ko kuɗin ɗakinsa zai iso kafin lokacin da yake buƙatarsa. Sunan hukumar da ke turo maka kuɗi ba shi ne damuwarsa ba.

Shi ya sa masu gida ke son mai bautar ƙasa. Kowa ya san alawus ɗinsu ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 a watan Maris na 2025, kuma an san shekara guda zai yi. Haka ma ma'aikacin jiha, wanda aka san mafi ƙarancin albashinsa naira 75,000 ne tun da Gwamna Nasir Idris ya amince da hakan a Oktoban 2024. Ɗalibi ne kawai ba a san kan kuɗinsa ba, kuma abin da mutum bai sani ba shi yake tsoro.

Wannan ya kawo mu kan masu cewa a ɓoye don kada a ƙara haya. Adadin kuɗin NELFUND ba sirri ba ne. An faɗa a rediyo, yana yawo a Facebook, wataƙila ma ɗan mai gidan yana karɓa. Idan zai ɗaga haya saboda wannan, ya riga ya ɗaga kafin ka yi sallama. Abin da ke kare ka daga ƙarin haya shi ne ka san farashin unguwar, ka tambayi waɗanda suka riga ka zama, kuma ku gama ciniki kafin a shiga maganar yadda za a biya.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Ingila gwamnati na ba masu ƙaramin ƙarfi tallafin biyan haya, kuma shekara da shekaru masu gidaje da dillalai suna rubuta "No DSS" a tallar gida. Kada gabanku ya faɗi, ba DSS ɗinmu ta jami'an farin kaya ba ce, sunan tsohuwar ma'aikatar jin daɗin jama'a ce ta can. Ma'anar rubutun ita ce ba a ba mai karɓar tallafi haya. Wannan ya sa mutane suka riƙa ɓoyewa. A watan Yulin 2020 wata kotu a birnin York ta yanke hukunci cewa irin wannan hani na bai-ɗaya nuna bambanci ne da ya saɓa wa dokar daidaito ta 2010, saboda ya fi faɗawa kan mata da masu buƙata ta musamman. A Oktoban 2025 kuma aka zartar da sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, wadda ta haramta ƙin ba mutum gida don yana karɓar tallafi ko don yana da yara.

Sai dai a can ɗin ma akwai iyaka. A dokar gidaje ta 1988, idan ɗan haya ya samu gida ta hanyar faɗin ƙarya da gangan, mai gida na iya zuwa kotu ya nemi a fitar da shi. Wato an hana mai gida ya raina ka saboda inda kuɗinka ke fitowa, an kuma hana ka ka yaudare shi.

A Amurka akwai shirin da ake kira Section 8, wanda ya samo asali daga dokar 1974. Ɗan haya na biyan kimanin kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, hukuma ta biya sauran kai tsaye ga mai gida. A irin wannan tsari ba a ma maganar ɓoyewa, tunda sai mai gida ya sa hannu a takardar hukuma kafin kuɗi su fito.

Bambancinmu da su a fili yake. Nasu tallafi ne da aka ware don haya, namu bashi ne na hidimar karatu da ke shiga aljihunka. Babu hukumar da za ta biya mai gidanka idan ka gaza. Duk abin da ya faru, tsakaninka da shi ne.

Abin da za ka faɗa

Ba dole ba ne ka fara da sanar da mai gida cewa kana karɓar lamuni. Idan kana da kuɗin shekara a hannu, ka biya, ka karɓi rasit, magana ta ƙare. Ba a tambayar mai sayen buhun gero inda ya samo kuɗinsa.

Amma idan kana neman alfarma, wato a bar ka ka biya kashi-kashi, to ka shiga neman bashi ke nan, kuma mai ba da bashi yana da haƙƙin sanin da me za a biya shi. A nan abu huɗu za ka faɗa masa dalla-dalla: nawa za ka ba da yanzu a matsayin kafin alƙalami, a waɗanne ranaku za ka cika sauran, cewa wani ɓangare na kuɗin yana zuwa ne wata-wata ta hannun hukuma kuma yana iya jinkiri, da kuma sunan wanda zai tsaya maka idan hakan ta faru.

Lokacin da na yi SIWES a Jega bara, mu uku muka kama ɗaki ɗaya a gidan wani dattijo. Da muka zo maganar biya, abin da na ce masa bai wuce wannan ba: "Baba, rabin kuɗin ga shi. Sauran rabin kashi biyu za mu kawo. Kuɗinmu wata-wata yake shigowa, wani lokaci yakan makara. In ya wuce mako biyu bai zo ba, ga lambar yayana, shi zai cika." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wanga magana ta yi. Abin da ban so shi ne yaro shi ce min gobe, gobe ta yi shi ɓace." Bai tambayi sunan hukumar ba, bai nemi ganin wayar kowa ba.

Idan kuma mai gida ya tambaye ka kai tsaye ko kana karɓa, kada ka yi ƙarya. Garuruwan nan ƙanana ne, mai POS ɗin da kake cirar kuɗi wurinsa wataƙila surukinsa ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da ya gano, ko uzurinka na gaskiya ba zai ƙara saurara ba. Haka nan kada ka ce an amince maka alhali fom kawai ka cike. Ba a cinikin biri a sama.

Abin da za ka riƙe

Katinka na cirar kuɗi, lambar sirrinsa, lambar BVN, lambar NIN, kalmar sirrin shafinka na NELFUND, da lambobin da banki ke turowa ta waya: waɗannan ba na mai gida ba ne, ba na dillali ba ne, ba na mai kula da gida ba ne. Na san wani abokin karatunmu da mai kula da gidansu ya ce ya ajiye katinsa jingina har ya cika haya. Duk wata sai mutumin ya cire abin da ya ga dama ya miƙo masa saura, wata uku yaron yana cin gari da ƙuli, ga bashin yana hawa kansa da sunansa. Ka tuna, duk nairar da ta fita daga wannan asusu kai za ka biya ta nan gaba.

Hoton alat ma ba dole ba ne, domin yana nuna ragowar kuɗin asusunka da wasu bayanan da ba su shafi haya ba. Idan ana son shaida cewa kai ɗalibi ne, katin shaidar makaranta da takardar tura ka SIWES ko aikin koyon sana'a sun wadatar.

Ga 'yan'uwanmu mata akwai ƙarin magana. Ki je da waliyyinki ko wata babba ranar ciniki, kuma lambar wanda zai tsaya miki ita za a rubuta a takarda. Ki riƙa biya ta banki ko ta hannun matar gidan. Duk wanda ya ce zai ɗaga miki ƙafa a kan haya amma sai kin zo ke kaɗai kun yi magana, ki nemi wani gidan.

Yi lissafi kafin ka yi alƙawari

Mu ɗauka, a misali, ɗaki naira 60,000 ne a shekara. Idan ka raba wata 12, naira 5,000 ke nan duk wata, wato rubu'in abin da kake karɓa. A takarda abin da sauƙi. Amma idan mai gida ya ce kashi uku yake so, kowane kashi naira 20,000 ne, kuɗin wata guda cur, ba abinci ba kuɗin mota. Ka ƙara da la'adar dillali, da kuɗin wuta, da mai ruwa. Saboda haka dabara ita ce ka riƙa ware kuɗin haya ranar da alat ya shigo, ko ku yi adashi tsakaninku ku huɗu, kowa ya kwasa a watan da wa'adinsa ya cika. Kuma kada ka sa ranar biya daidai da ranar da kake tsammanin kuɗi. Ka ba kanka tazarar mako biyu ko uku. Gara ka kawo kafin lokaci a yaba maka da ka makara a yi maka sallama da asuba.

Mu 'yan ajin ƙarshe kuma akwai abin da ya kamata mu buɗe ido a kai. Shekarar da za mu yi tsakanin ND da HND ba mu da rajista a makaranta, lamunin kuwa na ɗalibi mai rajista ne. Duk wanda zai kama ɗakin shekara a Jega ko Maiyama don aikin koyon sana'a, kada ya gina alƙawarinsa a kan naira 20,000 ɗin nan. Ya tambayi wurin da zai yi aiki ko suna ba da wani abu a wata, ya yi magana da gida, sannan ya je wurin mai gida da lissafin da zai iya tsayawa a kai.

A rubuta, a sa shaidu

Da yawanmu muna jin nauyin ce wa dattijo a rubuta, kamar mun ce ba mu yarda da shi ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Idan ka kawo maganar da ladabi, ka ce, "Baba, saboda mantuwa da rai da ajali," ba dattijon da zai ƙi. Takardar ba sai lauya ya rubuta ba. Falle ɗaya ya isa, da Hausa ma, boko ko ajami: sunanka da nasa, ɗakin da aka ba ka, kuɗin shekara, ranar shiga da ranar ƙarewa, abin da aka biya, ranakun cika saura, wanda zai biya wuta da gyara, da wa'adin da za a ba ka idan ana son ka tashi. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da mai unguwa. Kowa ya riƙe kwafi, kai kuma ka ɗauki hotonsa a waya.

Maganar wa'adi tana da muhimmanci. A dokokin haya na jihohi da dama, idan ba a yi wata yarjejeniya ta daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida. To idan ka kama ɗakin shekara amma kana biya kashi-kashi ba tare da rubutu ba, ranar da aka samu saɓani za a iya cewa kai ɗan wata-wata ne. Layi ɗaya a takarda yana kashe wannan gardama. Ko a Legas, inda dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, doka ta wajabta wa mai gida ba da rasit, don an san daga rashin shaida rigima ke farawa. Kuma a ko'ina a ƙasar nan kotu ce ke da ikon fitar da ɗan haya. Cire ƙofa ko kwashe kwanon rufi ko watso kaya waje ba hanyar doka ba ce.

Idan jinkiri ya zo, kada ka jira mai gida ya neme ka. Ka je tun kafin ranar, ka gaishe shi, ka kai abin da ya samu ko rabi ne, ka faɗi sabuwar rana. Kashe waya da bin bayan gida su ne ke mayar da ƙaramin jinkiri ya zama ƙara wurin mai unguwa.

Kira ga ƙungiyarmu

Akwai abu biyu da nake ganin ƙungiyar ɗalibai za ta iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Na farko, a tsara takardar yarjejeniyar haya mai falle ɗaya da Hausa da Turanci, a ajiye a ofishin ƙungiya, duk mai fita SIWES ko aikin koyon sana'a ya ɗauka. Na biyu, ƙungiyoyin ɗaliban Jega, Aliero da Maiyama su riƙa tattara farashin ɗakuna unguwa-unguwa daga waɗanda suka dawo, don ƙannenmu su shiga ciniki da idonsu a buɗe. Mai gidan da ya zauna lafiya da ɗalibai a san shi, a riƙa tura masa wasu.

Mu kuma mu tuna cewa yadda muka rabu da mai gida shi ke buɗe ko rufe ƙofa ga ɗalibin da zai zo bayanmu. Idan ka tashi, ka biya kuɗin wutar da ya rage, ka share ɗakin, ka miƙa makulli hannu da hannu, ka nemi gafara. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya haɗa mu da masu gida na ƙwarai.